Takalman Surukina a Bakin Tabki

Ƙarfe huɗu da minti goma na yamma, ranar Alhamis, muka isa bakin tabkin Madarumfa. Mu uku ne: ni, da matata, da mahaifinta. Mutum na huɗu can muka tarar da shi, sarkin ruwa, yana zaune a kan wani kifaffen jirgi yana ɗinkin raga. Na san lokacin daidai domin na duba agogo. Shekara ashirin da shida na yi ina tsaron lakol, wato makarantar boko, a Safo, ni ke buɗe ƙofa, ni ke buga ƙarfen shiga aji da na tashi. Wanda ya yi wannan aiki ba ya rabuwa da agogo ko bayan ya aje aikin.

Zan faɗi abin da ya faru bi da bi, kuma ba zan rage laifina ba.

Ni ɗan manoma ne. Gero da wake na sani, ban san ruwa ba sai na rijiya. Matata kuwa ɗiyar masunta ce. Shekara talatin da aurenmu, amma ban taɓa bin mahaifinta bakin ruwa ba. In mun zo gaisuwa, a zaure nake durƙusawa in gaishe shi kaina a ƙasa, ya amsa yana duban wani gefe, in tashi. Ba na faɗin sunansa, ba na cin abinci a gabansa. In yana da magana da ni, ta bakin ɗiyarsa yake aiko ta, ko da ina zaune a wurin.

Abin da ya kai ni tabki a wannan rana shi ne jinina da ya hau. Likita ya ce in rage faɗa da mutane, in riƙa samun wuri mai shiru ina zama. Matata ta ce ai ma'aikatan meri, wato hukumar gari, sun gyara wani gefe na bakin tabki, sun shuka itatuwan bedi, sun yi dakalan siminti, sun kafa allon ƙarfe mai gargaɗi kan zubar da shara. Da muka je gidansu ta ba tsohon labari, sai ya ce mata: “Bayan la'asar zan je duba raga. Ki ce wa baƙon ya zo ya ga ruwa.”

Farkon damina ne. Ruwan shuka ya sauka sau ɗaya, shamuwa ta riga ta zo. Tabkin yana kwance shiru, babu ko motsi, manyan kukoki sun kewaye shi daga nesa, balbelu suna tsaye a gefe. Daga inda muke zuwa tsakiyar ruwa akwai kacalla, wato dogon hakin nan da ke fin mutum tsawo, ta yi duhu kashi-kashi. Na ji daɗin wurin. Na ce a raina likitan nan ya san aikinsa.

Surukina ya haura shekara saba'in. Kunnensa ɗaya ya mutu, ɗayan ma sai an ɗaga murya. Amma har lokacin da kansa yake shiga ruwa, a kan gora, wato babban duman nan da masunci ke kifa cikinsa a kai yana tuƙawa da hannu da ƙafa. Ya gaisa da sarkin ruwa, ya cire rigarsa ya miƙa wa ɗiyarsa ta sa a kwando. Daga nan ya taka gaba kaɗan, ya tuɓe takalmansa na taya a bakin laka. Na ga ya sa yatsan ƙafa ya ɗan juya su. Da ya fara naɗe wando sai na kau da kai, domin bai kamata in tsaya ina kallon surukina tsirara rabi ba. Na juya baya na ƙura wa allon meri ido, na karanta shi har sau uku. Ko da na waiwayo, ya shige bayan kacalla. Ban ga inda ya nufa ba.

Matata ta aje kwandon kusa da ni, ta ce za ta je bayan tudu ta gaida gwaggonta a wurin masu bandar kifi. Sarkin ruwa ma ya naɗe ragarsa ya zagaya ɗaya mashigar. Na rage ni kaɗai a kan dakali.

A nan ya kamata in faɗi wani hali nawa. Ba na iya ganin takalma a warwatse. A ƙofar masallacinmu ni ke jera su, dama da hagu, hancinsu gefe ɗaya. Mutane sun yi mini dariya har sun gaji. To, a bakin tabkin nan akwai takalman mutum takwas har da na surukina, kowane a inda mai shi ya ga dama, wannan ya dubi gabas, wancan ya dubi arewa. Suka tsaya mini a rai. Na ce na mutane ba ruwana da su. Amma na surukina fa? Ga su a karkace, diddigen ɗaya ya nutse a laka, rana tana dukansu, ni kuma ina zaune a inuwa kamar wani hakimi. Na ga rashin ladabi ne.

Ƙarfe biyar saura minti ashirin da biyar na tashi na ɗauke su. Na wanke su tas da ruwan tabki, na goge da haki, na kawo su ƙarƙashin dakali na jera. Na koma na zauna ina jin na yi abin kirki.

Wajen ƙarfe biyar da minti ashirin iska ta tsaya cak, zafi ya ƙaru. Na duba gabas na ga hadari ya haɗu baƙi ƙirin. Ko manomi ya san wannan irin. Balbelu suka tashi gaba ɗaya. Sarkin ruwa ya dawo da sauri, ya ɗauki sanda ya dinga dukan cikin jirgi yana kira: “A fito! A fito!” Masunta suka fara ɓullowa daga kacalla, wasu a gora, wasu a jirgi, kowa ya fito ya zura takalmansa. Na ƙirga su, domin ƙirga ma halina ce. Bakwai.

Sai na ga sarkin ruwa yana tafiya a bakin laka kansa a sunkuye, daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ya sake dawowa. Na ɗauka wani abu ya yar. Ya ɗaga kai ya ce: “Babu kowa a ruwa. Tsoho ma ya riga mu fita. A ja jirage.”

Suka ja jirage kan tudu suka kife su, suka ɗauki sandunan tuƙi a kafaɗa. Wani dogon masunci mai wushirya ya dube ni yana dariya ya ce: “Malamin lakol, ka tashi ka gudu kafin ruwa ya shiga agogon ga, mu rasa mai gaya mana lokaci!”

Na yi murmushi ban ce kome ba. Wannan shirun shi ne laifina na biyu, kuma ya fi na farko nauyi. Takwas na ƙirga, bakwai suka fito a gabana. Amma sarkin ruwa ya ce tsoho ya fita, shi ne ya san ruwa, ni wane ne? Na ce wataƙila ta wata mashigar ya fita. Har damuwata a lokacin ita ce zai taka ƙaya ba takalmi. Kuma gaskiya ita ce na ji nauyin in buɗe baki a gaban mutanen garinsa ina tambayar inda surukina yake, kamar wanda aka ba ajiyar akuya. Na ji tsoron dariyar mai wushiryar nan.

Suka tafi. Na zauna da takalma a ƙarƙashina. Tabkin da ya ba ni sha'awa ɗazu ya koma launin toka, kacalla ta fara kwantawa tana tashi. Na ce in ya fita ta wata mashigar, me ya hana shi zuwa ɗaukar rigarsa? Ga ta nan a kwando. Na tashi, na zauna. Na duba agogo. Na sake tashi na je bakin ruwa na leƙa, ban ga kome ba sai haki. Na buɗe baki zan kira, na rasa da me zan kira shi da ƙarfi haka.

Ƙarfe shida saura kwata matata ta gangaro daga tudu, ta riƙe mayafinta da hannu biyu saboda iska.

“Malam, tashi mu tafi. Baba ya wuce gida?”

“Sarkin ruwa ya ce ya fita.”

“Kai ka gan shi?”

“Ban gan shi ba. Ga takalmansa nan ma na adana masa.”

Ta duba ƙarƙashin dakali. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba, ko ranar da aka gaya mata rasuwar mahaifiyarta.

“Wa ya kawo su nan?”

“Ni ne. Suna cikin laka, na wanke...”

“Innalillahi! Malam, mi ka yi? Ba a taɓa takalmin wanda ke cikin ruwa! Su ake dubawa. In an ga takalmi, mai shi bai fito ba, inda hancinsu ya duba can ya nufa. In babu takalmi, babu mutum. Ka fid da Baba daga lissafi!”

Ba ta jira amsata ba. Ta yar da mayafi ta ruga tudu tana ihu, mace mai jikoki. Ni kuwa na tsaya da takalma a hannu. Na tuno sarkin ruwa ɗazu yana tafiya kansa a sunkuye, na gane abin da yake nema. A gabana ya nema, sau biyu, abin yana ƙarƙashin inda nake zaune.

Allah ya sa masuntan ba su yi nisa ba, sun fake a rumfar banda. Cikin minti biyar suka dawo da gudu, sarkin ruwa a gaba. Bai zage ni ba. Da ya zage ni da na fi jin sauƙi. Ya tsaya dab da ni ya ce:

“Ina suka duba?”

“Ranka ya daɗe, ban lura ba.”

“Saurara da kyau. Tsohon ga raga uku gare shi, wuri uku, kuma ba ya gaya wa kowa wadda za shi. Ɗaya wajen kuka mai karyayyen reshe, ɗaya wajen lambuna, ɗaya tsakiya. Iskar ga ba za ta bar mu mu je biyu ba. Ba ya jin kira. Ina suka duba?”

Muka je inda na ɗauke su ko sawunsu na nan. Babu. An ja jirage ta kan wurin, laka ta dame. Mai wushirya ya daina dariya, ya ce a je tsakiya kawai, can ya fi zuwa. Wani ya ce a'a, jiya tsakiya ya je. Suka fara gardama. Ɗigon ruwa na farko ya faɗo mini a wuya.

Na ce su ba ni wuri. Ban san wata dabara ba sai wadda na saba da ita in na ɓatar da mabuɗi: in koma farko in sake yin abin yadda na yi shi. Na koma dakali na zauna. Na tashi. Na taka zuwa bakin laka ina ƙirga taku, goma sha ɗaya, har na zo daidai wani tushen haki da na tuna na tsallake. Na sunkuya kamar zan ɗauka. Na tambayi kaina: me ya ɓata maka rai da ka gan su? Ba lakar ce ta fara ba. Karkacewar ce. Da sun dubi ruwa sosai da ban damu haka ba. Sun karkace ne zuwa hagu, har da na sunkuya sai da na juya kafaɗata, rana ta bugi bayan kunnena na dama, na ɗaga ido na ga wani icce can nesa kamar mutum mai hannu ɗaya.

Na aje takalman a laka yadda na same su. Na miƙe na bi hancinsu da yatsa. Ga kuka mai karyayyen reshe.

Sarkin ruwa ya ce: “Ka tabbata?”

Na ce: “Na tabbata da karkacewar. Ita ce ta sa na ɗauke su.”

Sai ya ce a juyo babban jirgi. Mutum huɗu suka shiga, har da shi. Na matsa zan shiga, ya tare ni da sanda.

“Ka iya ruwa?”

“A'a.”

“To, gawa ɗaya ma ba mu so, balle biyu. In ruwan ga ya sauko ba za mu ga tudu ba. Ka tsaya nan ka yi mana ƙara. Kada ka daina sai ka gan mu.”

Ƙarfe shida da minti biyar suka shige kacalla. Minti biyu bayan haka ruwa ya kece. Ban ƙara ganin kukar ba, ban ga ko bedin da ke bayana ba. Na sami dutse, na je ga allon ƙarfen meri na fara bugawa. Hannuna da kansa ya kama bugun shiga aji: uku, a tsaya, uku, a tsaya. Matata ta durƙusa a laka kusa da takalman tana riƙe su da tafin hannu don kada ruwa ya juya su, ko da yake sun riga sun gama aikinsu. Ba ta dube ni ba ko sau ɗaya.

Ina bugawa ina lissafi, kuma lissafin bai yi mini daɗi ba. Daga lokacin da sarkin ruwa ya ce babu kowa zuwa shigar jirgi, fiye da rabin awa. Da takalman suna wurinsu, da an je an ɗauko shi ruwa na kwance. Na kuma yi ta tambayar kaina ko hagu ne da gaske. In dama ne fa? In ranar da na tuna a kunnena ta wani lokaci ce? Mutum huɗu na tura cikin iska a kan maganata, ni da ban san ruwa ba. Na ce in tsohon nan ya mutu, da wane ido zan ƙara duban ɗiyarsa, a wane zaure zan durƙusa? Dutsen ya fasa mini yatsa, ban sani ba sai daga baya. Na ji kiran magariba sama-sama daga gari, iska tana kawo shi tana ɗaukewa. Ban je ba. Tun da na balaga ban taɓa jin kiran salla na ci gaba da abin da nake yi ba sai ran nan.

Ƙarfe bakwai saura minti goma na ji murya daga ruwa, ba daga inda nake zato ba, can dama da mu. Na ƙara ƙarfin bugu. Sai ga hancin jirgi. Na ƙirga kawuna: huɗu. Sannan mai wushirya ya yi ihu: “Yana nan! Yana kwance a ciki, da ransa!”

Daga baya suka gaya mini yadda suka same shi. Bai ji dukan jirgi ba, bai ga hadari ba saboda kacalla, sai da iska ta iso. Ta ƙwace gorar daga ƙarƙashinsa ta tafi da ita. Ya rungume kacalla, ruwa iya wuya, ƙafarsa ɗaya ta sarƙe a ragarsa. Wajen kuka mai karyayyen reshe. Da suka cicciɓo shi hannuwansa sun ƙage, sai da aka yanke hakin aka sa shi a jirgi da shi a hannu. Abin da ya fara ce musu shi ne: “Kun daɗe.” Ya san takalmansa suna bakin ruwa. Bai yi shakkar za a zo ba.

Aka kai shi gida aka hura wuta. Ya yi kwana tara da zazzaɓi da tari, har sai da aka kai shi asibiti a Maraɗi. Ya tashi, alhamdu lillahi. Amma ƴaƴansa maza suka taru suka hana shi shiga ruwa daga ranar. Ba a sake ganin gorar ba, kuma ba a saya masa wata ba. Mutumin da ya yi shekara sittin a kan ruwa, yanzu a zaure yake yini yana ɗinke ragar wasu. Yana da rai, amma ni na fid da shi daga tabki, wannan ba na ɓoye wa kaina.

Ranar da aka sallamo shi na je na durƙusa inda na saba. Na shirya maganata tun daga Safo, ɗaya bayan ɗaya. Ban kai ga ta biyu ba ya ɗaga hannu. Ya juya ga ɗiyarsa ya ce: “Ki ce wa baƙon, tun da na sayi takalman ga ba su taɓa yin haske haka ba. Ki kuma ce masa an gaya mini wanda ya buga ƙarfe. Ni dai ban ji ba.” Mutanen zaure suka yi dariya. Ni ban iya ba.

Har yanzu ina zuwa tabkin wani lokaci, in zauna a dakalin nan. Masunta suna kirana mai wankin takalmi, ina amsawa. Baƙi sun yawaita a wurin, daga Maraɗi, daga Ɗan Issa, har daga tsallaken iyaka, suna ɗaukar hoto da salula. Na taɓa ganin wani ya sa ƙafa ya ture takalmi gefe don ya gyara tsayuwa. Na tashi na yi masa faɗan da likita ya hana ni.

Saboda haka ina roƙonka, kai da ka karanta wannan. In ka zo bakin tabkin Madarumfa ka ga takalma a laka, a karkace ko a miƙe, na tsoho ko na wanda ba ka sani ba, kada ka ɗauke su, kada ka jera su, kada ka juya su. In kuma ka ƙirga waɗanda suka shiga ka ga ba su cika ba da aka fito, ka buɗe baki ka faɗa nan take, da ƙarfi, ko da za a yi maka dariya.